Ruwan da Shevanta Ke Sharewa

Laraba, 4 ga Yuni, bayan shayin la'asar

Ni ce Parubai Lokhande, matar marigayi Dagdu, ta layin bayan kasuwar kayan miya a Pune. Ban iya rubutu ba. Aji biyu na yi aka cire ni. Mai rubuta wannan surukata ce, Nanda, matar ɗana Sampat, mai ɗinki. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta ƙara gishiri. Aai take ce mini, wato uwa. Ta ce, "Aai, lafiya? Ke da ko wasiƙa ba ki taɓa aikawa ba?" Na ce hannunki na ara, ba bakinki ba.

Da, in abu ya tsaya mini a wuya, Shevanta nake faɗa wa. Tun muna amare ƙofarmu ke kallon juna. Wannan karon ba ita zan faɗa wa ba. Shi ya sa takarda.

Yau ban je yoga ba. Na aika cewa gwiwa ce.

Jiya Tai ta manta tabaraunta a ɗakin taro. Na kai mata gida. Shi ke nan. Rufe littafin.

Alhamis, da hantsi

Nanda ta ce in wani ya tsinci littafin nan ba zai san wace ce Tai ba. Wa zai tsinta? Amma rubuta.

Sunanta Vasudha Pendse. Tai muke ce mata, kamar wata yayarmu, alhali na girme ta nesa ba kusa ba. 'Yar gidan Brahman ce, manyan dangin nan masu ganin taɓa irinmu ƙazanta ne, daga tsallaken kogi. Shekara takwas ke nan da ta shigo layinmu a kan ɗan babur ɗinta, da tabarma a naɗe a baya, ta ce za ta koya wa mata yoga kyauta. Muka yi mata dariya. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina share wa hukumar gari titi, bayana ya lanƙwashe kamar lauje, ni za a koya wa sunkuyo? Shevanta ta ce, "Tai, miƙewa za ki koya mana. Sunkuyo kam gadonmu ne."

Na je ranar farko don in ga abin dariya. Aka yi ta ɗaga hannu, aka toshe hanci ɗaya aka shaƙa da ɗaya. A ƙarshe ta ce kowa ya kwanta rigingine ya rufe ido, wai kwanciyar gawa. Na ce wannan kam na kusa ƙwarewa.

Ina yarinya in na je neman ruwa gidan irinsu, daga sama ake tsiyaya mini a tafin hannu, kada butar ta taɓa ni. A wurin aiki kofin shayina a ƙusa yake rataye, a waje. To ina kwance rannan, ido a rufe, sai na ji tafin hannu a goshina. Mai ɗumi. Bai yi saurin tashi ba. Daga nan ya danna mini kafaɗu biyu ƙasa. Haka ta bi mu ɗaya bayan ɗaya.

Ban yi kuka ba, ni ba na kuka. Amma washegari ni na bi gida gida. Ni na tara mata mutane. Ni na ce musu wannan ba irin sauran ba ce. Da bakina na faɗa, Nanda, ki ja layi a ƙarƙashinsa.

Bayana ya miƙe. Ba duka ba, amma shekara biyar ke nan ina bin ayarin masu ziyarar Vitthal, abin bautarmu, a ƙafa har garin Pandharpur, ni da a da famfo ma sai na huta a hanya.

Ga abin da ya hana ni sakat. Ran ashirin da ɗaya ga wata ranar yoga ce. Kwamitin da ke da ɗakin taron za su karrama Tai, kuma ni aka zaɓa in rataya mata sarƙar furanni in yi jawabi. Sun ce in taro ya yi kyau za su bar mana ɗakin na wasu shekara biyar. In bai yi ba, akwai mai hayar kujerun biki da ya daɗe yana son wurin ya zuba kaya. Damina na bakin ƙofa. Ɗakunanmu in mutum ya miƙe ƙafa sai ya shuri tukunya. In ba ɗakin nan, ba yoga.

Juma'a, da safe

Gwiwa.

Asabar, bayan abincin rana

Shevanta ta zo. Ta tsaya a ƙofa tana goga taba a haƙora. Ta ce, "Paru, kin mutu ne ba a faɗa mini ba?"

Na ce, "Shekara nawa kike share ruwan?"

Ta cire yatsa daga baki.

Nanda ta ce wane ruwa. To tunda kin ji, rubuta, sau ɗaya zan faɗa.

Shevanta ita ke share wa su Tai tsakar gida. Kullum in an tashi yoga Tai na goya ta a babur su tafi tare. Ran Talata bayan sun tafi na ga tabarau a kan taga. Na san ba ta iya karatu sai da shi. Na shiga bas na bi su. Ƙofar baya a buɗe take. Na sa kai.

Tai na tsaye a gindin famfo, jikin katanga. Da kayanta duka, fararen nan da ta koyar da mu a ciki. Ta ɗaga bokiti ta juye a ka. Ta sake cikawa ta juye. Ta sake. Leɓenta na motsi. Takalmanta a jiƙe. Tabarmarta a jingine tana ɗiga. Shevanta kuma na gefe da tsintsiya tana tura ruwan zuwa kwata. Ba mai magana, ba mai kallon wani. Kamar yadda ake yin abin da aka saba.

Na san wankan nan. Ba na zufa ba ne, wankan zufa tuɓewa ake yi. Wannan shi ne wanda suke yi in sun dawo daga ƙona gawa. Ko in irinmu ya taɓa su.

Na ajiye tabarau a kan katanga na juya. Tai ba ta gan ni ba. Shevanta ta gan ni.

To yau ga ta a ƙofata. Ta ce, "Me kike so in ce miki? In faɗa miki ki yi zuciya ki daina zuwa, bayanki ya koma lauje? Saboda tsohuwar gidan ne, uwar mijinta. Tsohuwar ba ta cin abin hannun Tai sai ta yi wankan."

Na ce, "Tsohuwa ta mutu bara waccan, Shevanta. Ni da ke muka je gaisuwa. A bakin ƙofa muka tsaya, kin manta?"

Ta mayar da yatsa baki ta ci gaba da goga taba.

Na ce, "Ke da kike riƙe ƙugunta a kan babur, har da ke fa take wankewa. Sannan ki bi da tsintsiya."

Ta ce, "Tun ranar farko na sani. Sai me? A da in na hau bene ɗaya sai ƙirjina ya yi ta kukan kyanwa. Yanzu fa? Ruwanta ne, famfonta ne, sanyinta ne. Ni numfashi na je nema, ba uwa ba. Ke ce kika mai da ita waliyyiya."

Na ce ta matsa, tana tare mini iska. Ta tofar da taba a kwata ta tafi.

Lahadi, da yamma

Nanda, rubuta cewa bakinki ba shi da marfi. Rubuta. Ina kallon hannunki.

Ta faɗa wa Sampat. Ya shigo yana huci. Ya ce, "Aai, bar ni da ita. Gobe in laɓe a bayan katangar in ɗauka a waya, kafin azahar duk Pune ta gani. A karrama ta? A kan me? Ta zo ta yi hoto da ku ta koma ta wanke ku kamar kashi?"

Na ce, "In Pune ta gani, sai me?"

Ya ce, "Sai ta ji kunya."

Na ce, "Ta ji kunya ta zauna a gidanta mai fanka. Mu kuma a zuba kujeru a inda muke kwanciya. Kai za ka koya mana? Kai da ba ka iya ganin yatsun ƙafarka saboda tumbi?"

Ya ce ni ce irin tsofaffin da suka sa har yau ake taka mu. Ya buga ƙofa. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma na ce in ya je bayan katangar nan ba ni ba shi.

Litinin, 9 ga wata, da hantsi

Ciwon baya ya fara. Kwana shida kawai. Na jawo tukwane gefe na durƙusa na yi sunkuyon kyanwa na yoga, a ɗaga baya a sauke. Ya saki.

Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Yana aiki.

Laraba, da rana tsaka

Ta zo.

Na ji babur tun daga bakin layi. Yara na ta "Tai! Tai!" Ta cire takalmi ta shigo da kwalbar mai a hannu. Ta ce, "Mavshi, mako guda! Ɗakin ba daɗi in ba ki. Ba mai zagina." Mavshi take ce mini, kamar ƙanwar uwarta ce ni. Ta zauna a bakin gadona ta ja ƙafata ta ɗora a cinyarta ta hau shafa mai a gwiwar da ba ta ciwo.

Ina kallon hannun. Ina cewa a raina, wannan bokiti nawa ne?

Na ce Nanda ta ɗora shayi. Tai ta ce a'a, yau tana azumi. Sai a lokacin na tuna. Shekara takwas, duk ranar da ta shigo ɗakin wani a layin nan, azumi take. Ko sukarinta ya hau. Ko yanzu ta sha. Ni kuwa kullum sai in ce kai, baiwar nan akwai ibada.

Na ce, "Tai, kin ga tabaraunki?"

Ta ce, "Na gani, a kan katanga. Na yi ta mamakin yadda aka yi ya..." Sai hannun ya tsaya.

Da ta ɗago ta ce, "Ba ku nake wankewa ba, Mavshi."

Na ce, "To wa?"

Ta rufe bakin kwalbar mai.

Na ce, "Goshina ne ko kafaɗata? In san wanda ya fi datti in riƙa sa sabulu."

Ta ce in daina. Ta ce da farko don uwar mijinta ne, da sharaɗin aka bar ta ta riƙa zuwa. Da tsohuwa ta rasu ta gwada. Ta shiga ta ƙofar gaba, ta zauna cin abinci, loma ta ƙi wucewa. Ta tashi ta yi amai. Ta ce tun tana 'yar shekara biyar kakarta ke tsayar da ita a gindin famfo in ta dawo daga makaranta. Ta ce, "Kaina ya san ƙarya ne. Jikina ne bai sani ba. Na tsani abin nan, Mavshi, kullum ina yi ina tsanar kaina."

Na ce, "Ke da kike ce mana jiki na koyon komai in an yi haƙuri da shi? Ni kika miƙar da lauje. Naki jikin ne ɗalibin da ya fi ƙarfinki?"

Ta yi kuka. Ni ban yi ba.

Da za ta tafi ta tsaya a ƙofa ta ce, "Ran ashirin da ɗaya fa? Ba don ni ba. Ki zage ni a nan iya son ranki. Amma ɗakin..."

Na ce na ji.

Tana da gaskiya a kan ɗakin. Ban taɓa sanin gaskiya na da ɗaci a bakin wani haka ba.

Nanda ta ce ta ba ta tausayi. Na ce ba a tambaye ki ba.

Alhamis, da safe

Zafi. Hadari ya taru ya watse. Shevanta ta wuce da bokiti ba ta leƙo ba.

Asabar, 14 ga wata, bayan shayin safe

Na koma. Baya ne ya kai ni, ba zuciya ba.

Mata suka yi caa. "Parubai ta tashi!" Gangu ta ce ta ɗauka na sami sabon miji. Na ce in na samu ke zan fara ba aro, ki huta da naki. Aka yi dariya. Gangu ita ce wadda mijinta ke dawowa a buge. Ba ta barci a gida, kunnenta na ƙofa. Barcinta duka na duniya shi ne ɗan wanda take yi a kwanciyar gawa. Tana kwantawa sai minshari. Tai ba ta taɓa tashinta ba, sai dai ta ce mu naɗe tabarmi a hankali.

Shevanta ta shimfiɗa tata can jikin bango. A da kusa da ni take.

Aka zo kwanciyar gawa. Na rufe ido. Ina jin tafiyarta, tana tsayawa, tana matsowa. Ta gama da ta kusa da ni. Ta tsaya a kaina. Ina jin numfashinta. Na juyar da fuska gefe.

Ta wuce.

Duk sauran sun samu. Na kwanta ina jin minsharin Gangu, goshina na sanyi kamar an bar taga a buɗe. Na kalli matan nan a raina, kowacce ta saki jiki, ba wadda ta sani. Ni na kawo su.

In na faɗa musu, na ƙwace musu. In ban faɗa ba, na zama Shevanta.

Lahadi

Ba komai. Kada ki rubuta komai. To me kike rubutawa?

Talata, 17 ga wata, da la'asar

Sakataren kwamiti ya kawo jawabin da zan yi, a rubuce, wai Nanda ta karanta mini har in haddace. A bakin layi ya tsaya ya aiko a kira ni, wai ba wurin ajiye mota. Ya ce, "Parubai, gajere ne, ko aku zai iya." Na ce to ku kawo aku mana, ba ya cin kuɗin bas.

Nanda ta karanta. Wai Tai ta nuna mana cewa a kan tabarma babu babba babu ƙarami, babu mai tsarki babu marar tsarki, duk jiki ɗaya ne numfashi ɗaya.

Na ce ta sake karanta wurin. Ta sake. Na ce ta ɗora tukunyar shayi a kan takardar, kada ta ƙona teburin.

Alhamis, da hantsi

Sampat bai yi mini magana ba tun rannan. Yau ya ajiye mini sabbin takalman roba na tafiyar Pandharpur a bakin gado ya fita. Sun yi mini yawa. Ubansa ma haka yake ba da haƙuri, da abin da bai dace ba.

Na tambayi Nanda, in ke ce me za ki yi ran Asabar? Ta ce, "Ai kin ce hannuna kika ara." Ta fara koyon rashin kunya. A wurina ta koya.

Juma'a

Gobe.

Asabar, 21 ga wata, da yamma

An yi.

An raba mana fararen riguna masu sunan kwamiti a baya, muka ɗora a kan zannuwanmu kamar buhunan albasa. Manya sun zauna a kujeru, mu a ƙasa. Muka yi musu tsayuwar bishiya, muka yi ta kumurci, ana ta ɗaukar hoto. Wani mai tumbi ya yi dogon bayani a kan lafiya yana haki.

Aka kira ni. Aka ba ni sarƙar furanni. Tai na tsaye, fuskarta kamar ta wanda aka kai asibiti. Ta sunkuyar da kai na rataya mata. Yatsuna sun taɓa wuyanta. Sanyi ƙalau, a wannan zafi.

Aka miƙo mini lasifika. Sakatare na gefe yana motsa baki, yana tuna mini farkon jawabi. Can baya na hango Sampat a jikin ƙofa da waya a hannu.

Na ce, "Ni ban iya jawabi ba. Bayana a lanƙwashe yake, matar nan ta miƙar. Shevanta ba ta iya numfashi, yanzu har faɗa take yi. Akwai wadda ba ta barci sai a ɗakin nan, ba zan faɗi suna ba, kowa ya san minsharinta. Duk wannan gaskiya ne, kuma ko sisi ba ta taɓa karɓa ba."

Aka tafa. Sakatare na ta yi mini alama in ci gaba, saura wurin babba da ƙarami.

Na ce, "Abu ɗaya ya rage. Shekara takwas Tai na zuwa layinmu, kullum tana azumi. Jibi Litinin ba ta azumi. In an tashi yoga za ta ci abinci a ɗakina, a kwanona. Ko ba haka ba, Tai?"

Na miƙa mata lasifikar har bakinta.

Ɗaki ya ɗauka da tafi. Manya na dariya, wai tsohuwa akwai ban dariya. Tai ta kalle ni. Ta ce, "Haka ne, Mavshi."

Na rungume ta a gaban kowa, na matse sosai, zufata duk a jikin fararen kayanta. Na ce mata a kunne, "In kin ci, ki shiga gidanki ta ƙofar gaba. A bushe."

Shugaban kwamiti ya tashi ya ce ɗaki namu ne shekara biyar, har za su gyara rufin. Mata suka yi ta guɗa. Gangu ta ɗaga ni sama saura kaɗan ta karya abin da aka miƙar.

A hanyar gida Sampat ya ce, "Shi ke nan? Gayyatar cin abinci?" Na ce kai dai ka sayo garin dawa mai kyau.

Lahadi, da rana

Nanda ta ce a sayo sabon faranti da kofi saboda baƙuwa. Na ce in na ga sabon kofi a ɗakin nan ke da shi za ku kwana a waje.

Litinin, 23 ga wata, da la'asar

Ta zo. Ban ɗauka za ta zo ba, rubuta wannan, kada a ce na rage mata.

Da hannuna na yi gurasar dawa, ban bar Nanda ta taɓa ba. Yajin tafarnuwa da gyaɗa, albasa na fasa da dunƙule, ɗan wake. A farantina na kullum, mai lotsattsen baki. Ruwa a kofin Dagdu.

Ta zauna a ƙasa ta naɗe ƙafa. Mata sun cika ƙofa suna leƙe. Na kore su. Shevanta na bakin ƙofarta tana yi kamar tsintar shinkafa take.

Ta gutsura. Ta sa a baki ta yi ta taunawa, ta yi ta taunawa, kamar akuya. Na ga maƙogwaronta ya yi sama ya tsaya. Idonta ya kawo ruwa. Na ce, "Yajin ne?" Ta gyaɗa kai. Na ce, "Shaƙa ta hanci, ki sauke a hankali. Kada ki yi faɗa da jikinki. Haka kike ce mana."

Ta haɗiye.

Ta daɗe a kan gurasa ɗaya, amma ta cinye. Ta ɗauki kofin ta sha, leɓenta a jikin kofin, ba daga sama ba. Na gani. Ta ce, "Na gode, Mavshi." Na ce saura rabi.

Ta goya Shevanta suka tafi. Ba su kai bakin layi ba sama ta tsage. Ruwan da muka yi wata guda muna jira, yau ya ga damar zuwa. Kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fito tsirara suna ihu, mata na ta tara bokitai. Ni ina tsaye a ƙofa ina zagin hadari.

Bayan azahar Shevanta ta dawo, zane a manne a jiki. Ba ta shiga ɗakinta ba, nan ta zo ta tsaya.

Na ce, "Ta yi ko ba ta yi ba?"

Ta ce, "Ba ta taɓa famfo ba. Ta ƙofar gaba ta shiga."

Na ce, "Amma?"

Ta ce, "Amma me?"

Na ce, "Shevanta, na san fuskarki tun tana da haƙora."

Ta matse bakin zanenta. Ta ce, "Da muka isa ta kafe babur. Ni na ruga ƙarƙashin rumfa. Ita ta tsaya a tsakar gida, cikin ruwan. Ta ɗan daɗe."

Na ce, "Leɓenta na motsi?"

Ta ce, "Ruwa ake kamar me, Paru, ina zan ga leɓe? Wataƙila kuka take. Wataƙila tsoron shiga take. Wataƙila abin da kike tunani ne. Ban sani ba. Wannan karon na faɗa miki duk abin da na gani."

Na ce ta je ta canza kaya kada ƙirjin ya tashi.

Talata, da sassafe, kafin bas

Yau zan bi ayari, zan iske su a hanya. Tafiyar ta fi mako biyu, kuma kowace shekara akwai tsofaffin da ba sa dawowa. Don haka rubuta da kyau, Nanda, manya manya.

Makullin ɗakin taro a ba Gangu. Ita ke riga kowa zuwa.

Muna bin kwamiti gyaran rufi. A gaban mutane suka faɗa. Sampat ya je ya tsaya musu a kai, tunda yana son faɗa, ga inda zai yi.

Sampat na bina magana mai daɗi a kan takalma. Ki ce masa na cusa tsumma a ciki, sun zauna.

Kwalbar man Tai na kan taga. A mayar mata. Gwiwata ba ta taɓa ciwo ba.

Matan yoga suna bina gaskiya. Ni na kawo su, ni zan faɗa musu, da bakina, in na dawo. Kada wani ya riga ni. In ban dawo ba ki karanta musu littafin nan a ɗakin taro, bayan Gangu ta farka.

Shevanta. Ina binta shekara takwas. Ta biya kwana ɗaya jiya. Ki kai mata sauran garin dawar, kuma ki ce ta mayar da tabarmarta kusa da wurina, jikin bangon nan akwai danshi.

Tai na bina baya. Ban musa ba. Da shi zan taka har gaban Vitthal, kuma ba ni da abin biya.

Ni kuma ina bin Tai safiya ɗaya. Ta jiya ba ta shiga lissafi ba, sama ta sa mata hannu. In damina ta wuce, ranar da ba ko gajimare, za ta sake zama a nan ta ci a farantin nan, ta sha a kofin Dagdu, ta tafi gida ta shiga ta gaba a bushe. Sai ran nan za ta sake taɓa goshina.

In ban dawo ba, bashin bai mutu ba. Ke za ki yi gurasar. Ke za ki bi ta har ƙofa, ki tsaya ki gani da idonki. In ta shiga, ki dawo ki rubuta a ƙasan nan cewa ta biya.

Bar wurin a buɗe. Miƙo mini sandata.